Yaji Babu Gidan Zuwa: Tarihin Sulhun Ma'aurata a Dubai

A tsakiyar shekarar 2001 jaridun Dubai suka ɗauko wani labari wanda cikin 'yan kwanaki ya zagaye duniya. Wani magidanci ne ya yi ta jiran matarsa ba ta iso ba, sai ya ɗauki wayar salula ya aika mata saƙon tes mai jimla biyu kacal. Ta farko tana tambayar abin da ya sa ta makara, ta biyu kuma tana sanar da ita cewa ya sake ta. Magana ta kai gaban sashen sulhunta iyali na kotunan Dubai, inda wani jami'i mai suna Abdussalam Darwish ya tuntuɓi malamai, su kuma suka ce saki ya auku muddin an tabbatar mijin ne ya rubuta, da nufinsa ya rubuta, lafazin ba shi da harshen damo, kuma saƙon ya isa ga matar. A 2003 wata kotun shari'a a Malesiya ta yanke hukunci irin wannan.

Kafofin labaran Turai sun ɗauki abin a matsayin abin dariya, wai ga Larabawa da wayar zamani. Ni kuwa abubuwa biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, mutumin nan tambaya ya yi, amma bai jira amsa ba. Na biyu, ashe a birnin akwai ofishi guda da ma'aikata waɗanda albashinsu ke fitowa daga zaunar da miji da mata su faɗa wa juna abin da ke ransu. Tun da karatu ya kawo ni Dubai nake bin diddigin yadda aka yi wannan ofishi ya samu, domin na lura da yawa daga cikinmu ɗalibai mun yi aure ko muna shirin yi, kuma zaman zai kasance a ƙasashen da babu kawu babu gwaggo.

Bari mu fara da Dubai ta da, wadda mai zuwa sarin kaya Deira a yau ba zai gane ta ba. A 1833 ne wani reshe na ƙabilar Bani Yas, mutum wajen 800, suka baro Abu Dhabi ƙarƙashin Maktum ɗan Butti suka zauna a bakin mashigin ruwan da ya raba Deira da Bur Dubai. Arzikin garin daga ƙarƙashin teku yake fitowa, wato lu'ulu'u. A farkon ƙarni na 20 wani jami'in Ingila mai suna Lorimer ya ƙiyasta mutanen garin da 10,000, ya kuma ƙirga jiragen ruwan nutso 335. Duk shekara idan zafi ya kama, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kusan duk namiji mai ƙarfi a jiki sai ya bi jirgi, ba a sake ganinsa sai bayan wata huɗu. Mata ke riƙe da gari: ɗibar ruwa, kiwo, sayar da kifi, renon yara da jinyar tsofaffi. Mijin kuma sau da yawa da bashin mai jirgi yake tafiya, da shi yake dawowa.

Wannan rayuwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu fatake sukan yi watanni a hanyar Gwanja neman goro, har gobe kuma ana tafiya cin rani. Abin lura shi ne, aure a irin wannan zama ba na mutum biyu ba ne. Gidajen yawancin mutanen Dubai na zarban dabino ne, dangi a jere, abin da aka faɗa a wannan ɗaki an ji shi a wancan. Idan aka saɓa, dattawan dangi ne ke fara shiga, in ta gagara a je wurin malamin unguwa ko alƙali, in ta yi tsamari a kai majalisar sarki. Larabawan wannan yanki suna da al'adar da mace kan koma gidan ubanta idan ta yi fushi, mijin ya bi ta da kyautar ban haƙuri, wadda suke kira radwa. Ranar da na fara jin haka sai na yi murmushi, don kuwa yaji da biko ke nan, sai dai mu turmin atamfa da goro muke kaiwa.

Akwai wani abin kuma da ya haɗa mu. Gidan sarautar Dubai mabiya mazhabar Malikiyya ne kamar mu. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da cewa idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a tayar da masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata. Malamai sun yi saɓani kan ƙarfin waɗannan mutane biyu. Wasu mazhabobin sun ce wakilai ne kawai, ba su da ikon raba aure sai mijin ya ba su. Imam Malik kuwa ya ce mahukunta ne: in sun ga gyara su gyara, in sun ga zaman ba zai yiwu ba su raba, ko da mijin bai so ba. Wannan shi ne abin da ke cikin Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, littattafan da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da su daga Sakkwato har Zariya. Ma'anarsa a aikace babba ce. Mijin da ya san cewa masu sauraron matarsa suna da ikon yanke hukunci dole ya buɗe baki ya yi bayani, ba zai tsaya ga cewa ai iyalina ce ba.

A nan zan ɗan daɗe kan yaji, domin a ganina mun raina shi. Mu 'yan boko mukan ɗauke shi a matsayin ƙauyanci, ko fitinar mata. Amma duba yadda aka tsara shi. Macen da aka ɓata wa rai ba ta tsaya ana musayar baƙar magana har a kai ga abin da ba ya janyuwa. Takan yafa mayafi ta tafi gidan iyayenta ko na wani babba a danginta. Tafiyar nan kanta magana ce: abin ya kai inda ba zan iya haɗiyewa ba, amma ban ce na bar auren ba. Daga nan kwana ɗaya ko biyu su wuce, zuciya ta sauka. Sannan mijin ya zo, ko ya turo abokinsa ko wansa, a zauna a zaure. Uban ya tambayi abin da ya faru, a kira ta ta faɗi nata, a bai wa mai laifi laifinsa, a mayar da ita ɗakinta da rakiya. Wato akwai lokacin hucewa, akwai wurin zama, akwai mai sauraro na uku, akwai kuma hanyar komawa wadda babu wanda zai ji kunyarta. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, zai ga yadda dangi ke kai-kawo cikin kowane aure. Baba kanta aure huɗu ta yi, ba ta kuma ba da labarin kamar wani abin fallasa ba.

Ba ina cewa tsarin ba shi da aibi ba. Sau nawa ake kiran mace zaure, kafin ta gama jimlar farko a ce mata, "Ki yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne, tashi ki koma"? Irin wannan biko ba sulhu ba ne, rufe miki ne da ƙuraje a ciki. Kuma kunyar da ta hana mace faɗin sunan mijinta ita ce ke hana ta faɗa wa ubanta ainihin abin da ke damunta, musamman in ya shafi shimfiɗa. Sai ta ce cefane ne, alhali ba cefane ba ne.

Mu koma Dubai. Kasuwar lu'ulu'u ta rushe daga ƙarshen shekarun 1920, sakamakon lu'ulu'un da Japanawa suka koyi nomawa a cikin kawa da kuma karayar tattalin arzikin duniya. Aka sha wuya shekaru masu yawa. A 1966 aka samu mai, a 1969 aka fara fitar da shi, ranar 2 ga Disamba 1971 kuma aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ƙidayar 1968 ta samu mutum wajen 59,000 a Dubai. A 2023 sun haura miliyan 3 da rabi, kuma 'yan ƙasa ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Cikin rayuwar mutum guda aka tashi daga gidan zarba zuwa gidan bene mai katanga, dangi suka warwatsu a sabbin unguwanni, 'ya'ya mata suka shiga jami'a suka kama aiki. Dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a jirgin nutso, me zai ce wa jikarsa da ke rigima da mijinta kan wanda zai biya bashin banki?

Da hukuma ta ga aure na tangal-tangal, kuɗi ta fara dubawa. A 1992 Sheikh Zayed ya kafa Asusun Aure, wanda ya riƙa bai wa ɗan ƙasa mai ƙaramin ƙarfi dirhami 70,000 idan zai auri 'yar ƙasa, aka kuma riƙa shirya auren gayya. A 1997 aka yi dokar da ta ƙayyade sadaki: kada na hannu ya wuce dirhami 20,000, na ajali kuma 30,000, biki kwana ɗaya, raƙuman yanka kada su wuce tara. (Da za a yi mana irin wannan doka kan akwatunan lefe, da ɗalibai da yawa sun huta.) Amma sauƙaƙa ɗaura aure daban, zaman auren daban. Shi ya sa a 2005 aka fito da Dokar Tarayya mai lamba 28 kan al'amuran iyali, wadda ta sa mazhabar Malikiyya a gaba wajen cike duk giɓin da nassin dokar ya bari. Sashe na 16 na dokar ya ce kotu ba za ta karɓi ƙarar iyali ba sai an fara kai ta gaban kwamitin shiryar da iyali, in ban da irin su gado da wasiyya da abubuwan gaggawa. Idan aka daidaita, sai a rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu, alƙali ya tabbatar, takardar ta zama tana da ƙarfin hukunci. Idan mace ta nemi a raba saboda cutarwa kuma sulhu ya faskara, sai a naɗa masu sulhun nan biyu a ba su kwana 90.

Wato abin da Dubai ta yi shi ne, ta ɗauko zauren da ya ɓace ta gina shi a cikin kotu, ta sa masa lokacin aiki da magatakarda.

Cikin ma'aikatan wannan sashe babu wanda ya yi suna kamar Widad Lutah, mace mai digiri a fannin addinin Musulunci, mai sanye da niƙabi, wadda ta fara aikin tun farkon shekarun 2000. Shekaru tana sauraron ma'aurata, sai ta gano cewa rigingimu da yawa da ake kawowa da sunan kuɗi ko surukai, tushensu yana cikin ɗakin kwana, kuma babu wanda ya taɓa koya wa mutanen yadda za su yi maganar. A 2009 ta fitar da littafi kan zamantakewar shimfiɗa tsakanin ma'aurata, da hujjojinta daga Alƙur'ani da hadisi. Littafin ya samu kasuwa, ita kuma ta samu zagi har da barazanar kisa. Abin da na ɗauka daga labarinta shi ne, baƙo yakan ji abin da uba ba zai ji ba. Matar da ba za ta iya ɗaga ido gaban kawunta ba takan iya faɗa wa wata mace a ofis, wadda ba za su haɗu a gidan suna ba.

Sai dai tilasta wa mutane zaman sulhu shi ma yana da nasa illar. Matar da ake duka, zama gaban mai dukanta ana neman ta sassauto ƙarin azaba ne, kuma masu kare haƙƙin mata sun daɗe suna wannan ƙorafi. Dokokin baya-bayan nan sun sassauta. Dokar 2022 ta waɗanda ba Musulmi ba ta ba su damar rabuwa ba tare da bi ta sashen sulhu ba. Sabuwar dokar iyali ta 2024, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2025 ta maye gurbin ta 2005, ta bar wa alƙali ya duba ko tura ma'aurata sulhu zai yi amfani, ta rage wa'adin masu sulhu zuwa kwana 60, ta kuma wajabta wa miji ya yi rajistar saki ko kome cikin kwana 15.

A gida ma an bi kusan wannan hanya. An kafa Hukumar Hisba ta Kano da doka a 2003, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ofishinta ya san rikicin aure na cikin manyan abubuwan da ke cika shi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa A Daidaita Sahu a 2004, ta kuma kafa Zauren Sulhu. A Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya fito da zawarawa kan titunan Kano don nuna yawan sakin aure, Hisba ta hana. Shekara uku bayan haka, a 2012, zamanin Kwankwaso, Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa ta fara auren gata da ma'aurata 100, a 2023 kuma aka aurar da 1,800. Kayan ɗaki da jari suna da amfani, ba na musu. Amma sharaɗin da aka gindaya wa angwaye, cewa in an saɓa a komo gaban hukuma kafin a furta saki, shi ne a wurina ya fi gado da katifa daraja.

Turawa ma da suka zo da na'urorinsu kusan nan suka tsaya. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington ta Amurka, ya shafe shekaru yana ɗaukar ma'aurata a bidiyo suna gardama, yana auna bugun zuciyarsu. Ya ce ba yawan faɗa ke kashe aure ba, salon faɗan ne: sukar halin mutum maimakon abin da ya yi, kare kai, yin gum, da kuma raini, wanda ya ce shi ya fi duka muni. Ya ce idan bugun zuciya ya haura 100 a minti mutum ba ya jin abin da ake faɗa masa, gara a tashi a huta aƙalla minti 20, amma da alkawarin za a dawo kan maganar. Kakata ba ta san Washington ba, amma ta san bambancin yaji da gaba. Mai yaji ta bar ƙofa a buɗe, mai gaba kuwa yana cikin ɗakin amma ya kulle.

To mu fa, da muke Dubai ko Alƙahira ko Kuala Lumpur ko Manchista? Matar ɗalibi a nan ba ta da gidan zuwa yaji. Sau da yawa takardar zamanta a ƙasar ma a ƙarƙashin sunan mijin take, abin da ya sa tun 2018 Daular ta ba matan da aka saka ko mazansu suka rasu damar ƙarin shekara guda. Daga 2022 zuwa tsakiyar 2024 an rufe bai wa 'yan Nijeriya biza, jiragen Emirates ma ba su koma Legas ba sai Oktoban 2024, don haka ko uwa ta so zuwa ta ji abin da ke damun 'yarta babu hali. Abin da ya rage sai waya. Ita ta kira Hajiyarta a WhatsApp tana kuka, shi ya kira tasa, kowace ta ji rabin labari, a wayi gari gidaje biyu a Katsina sun daina gaisawa alhali masu rigimar sun shirya tun daren jiya. Zuwa sashen sulhu na kotu kuwa, ban taɓa jin Bahaushen da ya kai kansa da ƙafarsa ba. Kalmar kotu kaɗai ta isa ta sa a ce an tona asiri.

Na taɓa zama shaida a wani zama a Deira, a gidan wani dattijo ɗan kasuwa da ya daɗe a garin. Wani abokin karatuna ne da amaryarsa, wata takwas da tarewa, sun yi kwana tara ba mai ce wa wani uffan sai ta saƙon waya, suna ɗaki guda. Rannan ta ɗauki jakarta ta hau jirgin ƙasa ta sauka gidan dattijon, don matarsa 'yar garinsu ce. Da muka je bayan Isha'i, Alhaji bai yi wa'azi ba. Ya karɓi wayoyinsu biyu ya sa a aljihu, ya ce, "Ɗana, yau kai za ka fara yin shiru. In ta gama, ba amsa nake so ba, maimaita mini abin da ta ce za ka yi." Hajiya ta zauna kusa da ita ta ce, "Faɗi, 'yata, ba wanda zai ce ki yi haƙuri sai kin gama."

Ta fara da maganar dare da yake kaiwa a ɗakin karatu. Ya maimaita, Alhaji ya ce bai cika ba, ya sake. Sai a karo na uku ta faɗi abin da ya kawo ta: tun da ta zo, daga safe har dare ba ta jin muryar kowa sai ta na'urar sanyaya ɗaki, kuma ranar da ta ce tana so ta nemi gurbin karatu, dariya ya yi. Da aka zo kansa ya daɗe yana kallon darduma, sannan ya ce kuɗin tallafin karatunsa wata huɗu ke nan ba su shigo ba, daren da take zaton yana ɗakin karatu yana wani shago ne yana yi wa masu sari lissafin kaya, dariyar kuma ta wanda ba shi da kuɗin fom ce. Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Wata huɗu? Ni ina nan ina ajiye sarƙata a akwati?"

Alhaji ya sa ta ita ma ta maimaita abin da ya ce. Wajen ƙarfe ɗaya na dare Hajiya ta zuba musu sauran tuwo a kula, aka kira musu tasi, Alhaji ya miƙa musu wayoyinsu ta taga ya ce su dawo ranar Juma'a da takardun makarantarta.